Hubert Gadsby, Mai Mutuwa Kowace Shekara

A ƙauyen Aldermoor babu wanda ya kai Hubert Gadsby iya mutuwa. Sana'arsa kai madara gida-gida. Amma duk shekara, da zarar an yanke ciyawar filin bayan coci, mutanen gari sukan sa tufafin kakanninsu, su ɗauki dogayen bakuna, su kwaikwayi yaƙin da 'yan bakan Ingila suka yi da mahayan Faransa a zamanin da. Clive Ormerod, mai kantin littattafai, shi yake tsara wasan, kuma ya haddace ƙa'idar irin waɗannan labarai: dole jarumi ya kasance da aboki mai barkwanci, wanda zai ambaci matarsa da itatuwan tuffarsa kafin a gwabza, sannan kibiya ta same shi. Tun Hubert yana da baƙin gashi shi yake fitowa a matsayin wannan aboki.

Kafin a ɗana kibiya, 'yan baka sukan durƙusa, kowa ya sa 'yar ƙasa a baki, alamar ya yarda a mayar da shi cikinta. Saura kwatantawa kawai suke yi. Hubert kuwa, da yake ba ya son ha'inci, da gaske yake haɗiyewa.

Idan ya faɗi, yakan kwanta rub da ciki har a busa ƙahon tashi. A 'yan shekarun nan ne ya fara jin wani kwance daidai kafaɗarsa, inda bisa tsari babu kowa. Numfashin mutumin da sanyi, jikinsa yana warin jiƙaƙƙen ulu. Hubert bai taɓa dubawa ba, tunda gawa ba ta waiwaye. Bara sai mutumin ya ce masa a kunne, "A wurina kake kwance. Ko ka matsa, ko ka zauna gaba ɗaya." Aka busa ƙaho, kowa ya miƙe yana kakkaɓe riga, ƙafafun Hubert suka ƙi.

"Kai dai tsufa ya zo maka da taurin kai," in ji matarsa Enid, da lokacin wasan bana ya matso. "Bara har aka naɗe tantuna kana kwance. Na taɓa hannunka, sai ka ce kifi. In ka sake faɗuwa a filin nan ba za ka tashi ba, ni kuwa ban tanadi baƙar riga ba."

Ya je ya sami Clive a kanti.

"Clive, bana so nake in rayu."

"Ka rayu? To jarumi ya yi wa uban wa kuka? Wanda ya ambaci matarsa ya gama yawo, tsoho. Ba ni na kafa dokar ba."

"Sai in ƙi ambatonta."

"Lallai Enid za ta ji daɗi! Je ka mutu, don Allah, giyarka a wuyana."

Ranar wasa gari ya yi garau. Hubert ya durƙusa tare da 'yan'uwansa, ya ɗebi ƙasa, amma ya dunƙule ta a hannu. Da mahaya suka taso, hankalin jama'a ya koma kansu, ya sulale ta bayan sahu ya shige tantin shayi, inda Enid take yanka waina. Daga nan suka ji filin ya yi tsit, irin shirun da ba a taɓa yi masa ba, sannan tafi ya ɓarke.

Can sai ga Clive ya faɗo tantin yana share ido.

"Hubert! Ba ka taɓa mutuwa irin ta yau ba! Har limamin coci ya yi hawaye. Amma wace ce Avice ɗin da ka ambata? Ni sunan Enid na ce ka kira. Kuma wane irin Turancin mutanen da ne wannan, ko rabinsa ban gane ba?" Ya dakata, ya dubi kofin da ke hannun Hubert, ya leƙa waje. "Tsaya tukuna. Ya aka yi ka riga ni zuwa? Ai ga ka can a kwance."

Enid ta damƙe wuyan hannun mijinta, ba ta bari ya juya ba.

Hubert bai ƙara taka filin nan ba. Yana nan da ransa, sai dai gwiwa da take damunsa. Clive kuwa har yau bai nemi wanda zai maye gurbinsa ba, domin wurin bai taɓa zama babu kowa ba.