Ƙararrawar Maganin Baba

Ku matso kusa, ga wuri, ku ji labarin Ibtisam ta birnin Mansura.

Malamar firamare ce, ta haura arba'in, amma a dangi ba mai ce mata malama. Injiniya suke kiranta. Tun ranar da ta nemo wa wani kawunta hotunan jikokinsa da suka ɓace a waya, aikin ya zama nata. Duk Juma'a in ta je gidan iyayenta, kafin ta cire takalmi an miƙo mata waya. Ta Goggo Ni'imat, ƙanwar babanta, kullum cike take da hotunan furanni na barka da safiya. Ga talabijin ya ɓata tasha. Haka za ta zauna, shayi a hannu ɗaya, tana sharewa tana saitawa.

Ita ta sa wa mahaifinta, Hajj Abdulmun'im, ƙararrawar shan magani a wayarsa, kullum bayan azahar. Maganin ba a shan sa da yunwa, tsohon kuwa ya kafa doka: ba zai kai loma baki ba sai matarsa Fawziyya ta zauna sun ci tare.

Wata rana tsohon ya rasu da hantsi, kafin la'asar an rufe shi. Ibtisam ba ta yi kuka ba. Ta aika wa dangi sanarwa, ta riƙe waya ana yi wa mahaifiyarta ta'aziyya daga nesa, ta koma makaranta. Komai take yi kamar hannun wani ne ke yi. Wayar mamacin kuwa tana nan kan tebur a caji, kullum bayan azahar sai ta yi ƙara.

Bayan sadakar arba'in yayanta Midhat ya kira daga Kuwait.

"Injiniya, ke kika ɗaura, ke za ki kwance. An ce abin nan har yanzu yana kuka a ɗaki. Azabtar da Mama ake yi."

"To, Yaya."

"To kawai? Ko sai na hau jirgi na zo na danna?"

"Kai da ba ka san inda ake rage sautin taka ba."

"Ki dai kashe, don Allah."

Ranar Juma'a ta tarar da mahaifiyarta zaune cikin baƙaƙen kaya, ta rame, karin kumallonta na gefe ba a taɓa ba. Ba wanda ya miƙo mata waya. Ta ɗauki ta Baba, ta buɗe da lambar da ita ta zaɓa masa, ta kai yatsa wajen sharewa. Sai ƙararrawar ta tashi a hannunta.

Fawziyya ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta shiga kicin, ta fito da ful, wato dafaffen wake, da gurasa da kofin ruwa. Ta ajiye kofin gaban kujerar da ba kowa, ta zauna, ta fara ci a hankali.

Goggo Ni'imat ta raɗa wa Ibtisam, "Abincinta ke nan na yini. Na yi lallashi, na yi faɗa, ba ta ci sai abin nan ya kira."

Ibtisam ta ce, "Mama, Yaya ya ce in kashe ƙararrawar."

"Midhat?" Tsohuwar ta gutsuri gurasa ba ta ɗago ba. "'Yata, duba min igiyar cajin nan. Kwana biyu tana motsi."

Ibtisam ta duba. Bakin igiyar ya saki, ba za ta daɗe ba. Ta ajiye wayar daidai inda ta same ta, ta sa takalmi, ta sauka shagon ƙasa neman sabuwa. Tana kan matakala tata wayar ta yi ƙara, sunan Midhat a kai.

Ku da kuke zaune nan, me za ta ce masa?