Kwanon Baba a Wurin Ciyayya

Har yau ba na son jin ƙarar murfin kwanon samira idan ya faɗi ƙasa. Jiya na maƙwabciyata a nan unguwar Damba ta Gusau ya suɓuce mata, sai ga ni a ƙauyenmu Kekun Waje, can wajen Bungudu, ina 'yar yarinya, raina a ɓace kamar yanzu abin ya faru.

Idan ba a ƙauye ka tashi ba, bari in gaya maka yadda ciyayya take. Bayan magariba, kowane magidanci a unguwa za a fito masa da tuwon gidansa ƙofar masallaci. A jera kwanuka a tabarma, a jawo ɗaya kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo wani. A nan ake tsayar da wanda za a yi wa gayya, a nan ake jin haihuwa da rasuwa. Wanda ba ya zama wurin, ba a lissafa shi cikin maza.

Babana ya daɗe yana zama wurin kafin ciwo ya same shi. Ya fara jin ana yi masa magana alhali ba kowa, yana cewa ana bin sa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, a ƙarshe Kawu, ƙanen Inna mai jan mota tsakanin Tsafe da Gusau, ya kai shi asibiti. Magani ya kwantar da muryoyin, amma shiga mutane ta gagari Baba. Unguwa kuwa ta gama yanke hukunci: tunda ya daina surutai ai ya warke, saura lalaci da girman kai.

Girman kai! Su ba su ga abin da muke gani a cikin gida ba. Tun la'asar zai yi wanka ya sa riga, ya zauna bakin gado yana bitar gaisuwa ƙasa-ƙasa, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali. Ya kai zaure ya tsaya, gumi na bin wuyansa, sai ya juyo. Abin da wani ke yi da tsinken sakace a baki, shi sai ya tattara ƙarfin yini guda, kuma ya ƙare masa a bakin ƙofa.

Wata rana da kaka, ana cikin ƙamshin sabon gero, ya wuce zauren. Inna ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta kwarara man shanu a kan miyar kuɓewa, ta ɗora mini kwanon na bi bayansa.

Baffa, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya fara magana.

"A'a! Yau manya sun tuna da talakkawa?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya gaida kowa, bai tsallake ko mutum ɗaya ba, sannan ya zauna. Aka cinye kwanukan gidaje duka, namu na gefen tabarma. Da kansa ya tura shi tsakiya, hannunsa na rawa saboda magani, murfin ya faɗi.

"Bismillanku," ya ce.

Wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya tashi wanke hannu. Wani dattijo ya ce wa na kusa da shi, wai shi a dole raɗa yake yi, "Irin wanga ciwo ba a haɗa hannu da shi." Ƙattin mutane masu gemu, waɗanda yanzu suka fito daga sahu ɗaya da shi!

Na mai da tuwon gida ko shatin yatsa babu. Inna ta buɗe ta gani, ta rufe. Baba bai ƙara bitar gaisuwa ba a gidan nan, kuma da damina ta zagayo ba wanda ya zo mana gayya.

Sai da na girma wata likita a Gusau ta yi mini bayani cewa masu wannan ciwo da yawa suna son mutane, yunƙurin ne ke yi musu nauyi. Ban ji sanyi ba, sai ma haushi ya ƙaru.

Yanzu Baba na wurina, ya tsufa. Ciyayya ta ja baya a ƙauyen, kuma waɗancan dattawan su ne kan gaba wajen kukan zumunci ya mutu. Kwanan baya Baffa ya shigo Gusau ganin likitan ido, ya biyo ta gidana. Baba ya fito falo da kyar, ya ba shi hannu. Baffa ya sha ruwa, ya dube ni a gaban ƙanensa ya ce, "Ai babanki tun can ba ya son mutane."

Na ce, "Baffa, motar Bungudu ba ta jira." Ban raka shi ba.

Da na rufe ƙofa, Baba na nan zaune inda aka bar shi. Ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, na dai gaisa daidai ko?"