Ranar da Malam Sada Ya Ja Birkin Hannu

Duk ɗan Arewan da ya kawo mara lafiya Alƙahira a 'yan shekarun nan, da wuya bai shiga motar Malam Sada ba. Mutumin Dutsin-Ma ne, dogo, mai siririn gemu da yawan waiwaye. Karatun Shari'a ya kawo shi Masar tun yana saurayi, sai karatun ya yi gaba ya bar shi a unguwar Hayyus Sabi'. Ba wai ƙwaƙwalwa ce babu ba. Larabcin kasuwa ne dai ya fi zama a bakinsa, kuma ya lura mutanenmu da ke sauka filin jirgi da ciwon gwiwa da na ƙoda suna bukatar mai ɗaukarsu, ya yi musu tafinta wurin likita, ya nemo musu masauki. Shi ke nan sana'a ta samu. Ya koma gida ya auro Kulu, suka zauna.

Motar nan ita ce rufin asirinsa. 'Yar ƙaramar jif ce ruwan toka, irin waɗanda ba su kai jif ba amma sun wuce ƙaramar mota. Kujerarta na da ɗan tsayi, wanda aka yi wa aikin gwiwa yana zama ba sai ya durƙusa ba, bayanta kuma yana cinye keken mara lafiya har da akwati. Hajiyoyi tun daga Kano suke gaya wa juna a nemi mai 'yar jif ɗin nan. In babu ita, tukunyar Kulu ba za ta hau wuta ba.

To amma Malam Sada akwai zargi, Allah Ya yi masa shi. In mai shago ya yi masa ragi, sai ya juya kayan yana neman inda suka fashe. In ka gaishe shi da fara'a, ranar wuni zai yi yana tunanin me kake so. Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan hali, shi ne Baba Hamad, sayis ɗin layinsu, wato mai kula da motocin da ake ajiyewa a titi.

Wanda bai san Alƙahira ba sai an yi masa bayani. Motoci sun fi tituna yawa, don haka ana ajiye su layi biyu, ta waje ta tare ta ciki. Dokar da kowa ya sani ita ce, in ka tsaya a layin waje, sai ka bar giya a firi, ka saki birkin hannu, ka kulle ƙofa ka tafi. In na ciki zai fita, sayis ya sa kafaɗa ya tura taka gaba, ya dawo da ita. Wasu ma makulli suke bar masa. Baba Hamad Bahaushen Sudan ne, kakanninsa a hanyar Makka suka yada zango, Hausarsa ta tsofaffi ce, rabinta larabci. Shekara da shekaru makullin Sada na biyu yana rataye a ɗamararsa, shayinsu ɗaya da la'asar.

A shekarar 2013 wata bas ta goge wa Sada madubin gefe, ya tafi Harafiyyin, unguwar 'yan kayan gyaran mota, wurin wani mai shago Hussain. Hussain ya leƙo ya dubi motar, ya girgiza kai.

"Khalas, ya Ustaz. Kamfanin ya daina ƙera wannan motar. Abin da ya rage a kasuwa shi ke nan." Sannan ya ce, "Ba ka sayarwa?"

Sada ya yi murmushin wanda ya gano dabara. Wato a tsorata shi ya saki mota a wulaƙance. Ya fita ko sallama babu. Sai da wani ɗalibi ya duba masa a intanet ya ce wallahi gaskiya ne, an daina, sannan hankalinsa ya tashi sosai. Lissafin da ya yi shi ne, in masu irinta ba za su samu fitila da madubi a shago ba, to a jikin motar wani za su samu. Ga shi lokacin gari bai gama zama ba bayan rikicin siyasa, ko'ina ka zauna labarin satar mota ake yi. Daga ranar, duk wanda ya kalli jif ɗin sau biyu ɓarawo ne har sai ya wuce.

Wata la'asar yana leƙe ta taga, sai ya hango Baba Hamad tsugune bayan motar tare da wani mutum mai kayan bakanike. Mutumin ya ƙwanƙwasa fitilar baya da yatsa, ya faɗi wata magana, suka yi dariya, ya tafi. Iyakar abin da ya gani ke nan. Amma nan take zargi ya shige shi.

"Malam, ka sauka ka tambaye shi mana," in ji Kulu.

"In tambaye shi ya ce me? Kina tsammanin bai tanadi amsa ba?"

"Tsohon da ke kiranka ɗansa?"

"Ke dai ba ki san duniya ba."

Washegari ya sauka ya ce, "Baba, makullin nan nake so, zan kai a yanka mini wani." Baba Hamad ya dube shi, ya kwance makullin ya miƙa masa. "Tamam, ɗana," kawai ya ce. Makulli bai dawo ba. Sada ya sayo ƙarfen kulle sitiyari, kuma ya shiga jan birkin hannu har ƙarshe ko a wane layi ya tsaya, don kada a tura ta lungu a kwance mata kaya.

Tsohon ya yi masa magana sau ɗaya. "Malam Sada, motarka ba ta turuwa. Nan ba a yin haka."

"In ana bukata a kira ni, ai ina sama."

Haka kuwa aka riƙa yi. Duk lokacin da na ciki zai fita, Baba Hamad ya ce masa ya yi haƙuri, ya haye bene da gwiwoyinsa na tsufa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bai gaya wa kowa a layin cewa an karɓe makulli ba. Shayin la'asar kuwa ya mutu ba tare da wani ya ce a daina ba.

Ran wata Juma'a Sada ya samu baƙo mai son yin salla a unguwar Darrasa. Can babu wurin ajiye mota, sai suka hau tasi. Jif tana layin waje, birki a ɗaure, waya a kashe saboda huɗuba. Ana cikin salla ciwon zuciya ya kayar da mijin Madam Eman, maƙwabciyarsu ta ƙasa. Motarsu ce a layin ciki, jif ta tare ta. Maza duk suna masallaci. Baba Hamad ya sa kafaɗa, ya sa baya, ko gezau. Kulu ta birkice ɗaki ba ta ga makulli ba, duka biyun suna aljihun mai gida. A ƙarshe tsohon da matan gidan ne suka ciccibi mutumin a bargo har babban titi suna ɗaga wa motoci hannu. Ya rayu, amma likita ya ce an makara, ba zai koma aiki ba.

Da Sada ya dawo ya tarar da layi cike. Ƙanin Madam Eman ya tsare Baba Hamad a jikin bango yana zazzaga masa masifa: ba aikinsa ba ne? Ina makullin da kowa ya san yana hannunsa? Tsohon ya ɗaga ido ya ga Sada a bayan mutane. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sakacina ne. Ma'alish, a yi haƙuri."

Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi, kuma Sada ya san kalmar. Amma ya dubi fuskokin nan a fusace, ya dubi gilasan motar da babu irinsu a shago, ya ja bakinsa ya yi shiru. Kunya ta kama shi ƙwarai, ba a raba shi da wannan ba. Sai dai ko a wannan hali, wani gefe na zuciyarsa tambaya yake yi: me ya sa tsohon ya rufa masa asiri, in ba akwai abin da shi ma yake so a rufa masa ba?

Mutanen layin suka sallami Baba Hamad. Washegari da hantsi Sada ya same shi yana naɗe tabarma, ya ɗaure butar shayi a jikin kujera, zai koma wurin 'yarsa a Hadayik Ma'adi. Sada ya sauko ne da niyyar ba da haƙuri, wallahi da ita ya sauko. Abin da ya fito daga bakinsa daban.

"Baba, wai wancan mutumin mai kayan bakanike, da kuka tsuguna bayan motata, wane ne?"

Tsohon ya dube shi. "Ashe abin ke nan," ya ce a hankali. Ya saɓa kujerarsa ya tafi, bai ba shi amsa ba, har yau kuwa babu wanda ya ba shi.

Sabon sayis ɗin da aka kawo ƙato ne, ba wanda ya san asalinsa sai ƙanin Madam Eman. An kuma kafa sharaɗi: ko ka ba da makulli, ko ka nemi wani layin. Babu wani layin da za a nema. Sada ya sauko da makullin a hannu. Mutumin ya zagaya jif ɗin a hankali, ya shafa madubi, ya tsaya a baya yana kallon fitilu.

"Wannan ce aka daina ƙerawa, ko?" Ya yi murmushi, ya buɗe tafin hannunsa. "Yalla, ya Ustaz. Kawo."