Goron da Kaka ta Kai Filin Golf

Har yau in na ratsa layin masu goro a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen nan da ake naɗe goro da shi ya bugi hancina, sai in ƙara sauri. Mutane suna son ƙanshin. Ni kuwa wata safiyar Asabar yake mayar da ni, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, ina tsaye gaban wani teburi da sandar golf a hannuna, lokaci yana ta gudu.

Na san abin da za ka fara tambaya: me ya haɗa 'yar zango da golf? To, babana kadi ne, wato mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin golf na garin nan. Shekara ashirin yana bin bayan manyan mutane da jaka a kafaɗa. Shi ke gaya musu sandar da za su ɗauka da inda iska ta nufa, amma bai taɓa buga ƙwallo a filin nan a gaban jama'a ba. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa tsohuwar sanda, ya kai ta wurin maƙeri a unguwar Buokrom aka rage mata tsawo daidai ni. Da la'asar in yara sun watse, sai mu je filin makaranta, ya binne gwangwanin madara a ƙasa ya ce ga raminki nan. Maƙwabta suna ta dariya, wai ya rasa ɗa namiji shi ya sa ya huce a kaina. Ko a jikinmu. Yakan ce wata rana zan buga a kan ciyawa ta gaske, shi kuma zai ɗaukar mini jaka.

Allah bai nufa ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi a farkon wata damina. Da mahaifiyata ta fita takaba ta koma gidansu, ni aka bar ni wurin Kaka, uwar babana.

Kaka 'yar kasuwar goro ce, doguwa, mai kaifin baki, ta je Makka tun ban san kaina ba. Tonanci, wato harshen mutanen Asante, yana bakinta kamar ruwa, amma Turancinta na ciniki ne kawai. Babana ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce “mutumin nan”. Da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa ganinta ta taka ko tsakar gida ba ɗankwali ba. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take kirana.

Bayan shekara guda, wani abokin aikin babana ya biyo ta rumfarta bai same ta ba, ya bar saƙo wurin maƙwabciyarta. Wai mutanen kulob sun ga duk 'yan wasansu sun tsufa, yara ba sa zuwa, shi ne suka shirya gasa ta 'ya'yan ma'aikata waɗanda ba su kai shekara goma sha biyu ba. Waɗanda suka yi ƙoƙari za a ɗauke su a riƙa koya musu. Abokin babana ya riga ya sa sunana. Ranar Asabar, ƙarfe takwas. Ya ce a yi shiga mai kyau, kuma an gargaɗe su da Turanci cewa in ba kola babu wasa. Saura wata biyu in cika sha biyu, ka ga wannan ce damata ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe.

Da maƙwabciyar ta isar da saƙon, Kaka ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Kola ai shi ne goro a Turancin kasuwa, kullum da shi ake kiran hajarta. Ta ce, “Ashe mutanen nan sun san mutunci. Wuri mai masu shi ai ba a shiga hannu biyu.” Malamin da ke da gidan da muke zaune ya aiko a gaya mata wannan ba wasan 'ya mace ba ne, ta ce a gaya masa ta ji, ta gode, kuma za mu je. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta baje huhun goro a tsakar gida, ta zauna tana tsintar marsa, manyan nan farare marasa tabo. Ta wanke su ɗaya-ɗaya, ta naɗe a sabon ganye. Ni kuma aka ciro mini kayan Sallah, don mu a zango in an ce shiga mai kyau ba mu san wata ba. Doguwar riga ce ta shadda shuɗiya, mai zagayayyen wuya da aikin zare, da wandonta. Na goge kambas ɗina da alli har ya yi fari tas.

Da ruwa muka tashi. Trotro biyu muka hau, wato ƙananan motocin haya, na rungume sandata, ita ta rungume ƙullin goro a cinya. Saura kwata takwas muka isa. Mai gadin get ɗin wani dattijo ne daga arewa, ya san babana. Ya gaishe da Kaka har da rusunawa, ya dubi rigata, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya haɗiye. Ni ban kula ba, ciyawar ce ta ɗauke mini hankali. Kai! Ban san akwai kore irin wannan a Kumasi ba, shimfiɗe har ƙarshen gani, ruwa na walƙiya a kanta. Ƙafafuna har ƙaiƙayi suke yi.

A bakin baranda aka ajiye teburi, sakataren kulob na zaune da takardar sunaye. Batone ne mai tabarau, kuma in faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Ya bi takardar da biro ya sami sunana, a rukuni na huɗu. Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni da Turanci ina kola ɗina. Kaka ta ji kalmar da take jira. Ta matso da fara'a, ta ɗora ƙullin a kan teburin, ta warware ganyen a hankali yadda goron zai nuna kansa. Ruwan ganyen ya fara jiƙa gefen takardar.

Iyayen da ke layi a bayanmu suka leƙo. Wani ya fashe da dariya ya toshe baki. Sakataren ya janye hannuwansa daga teburin kamar an ɗora masa garwashi, don ka san a ƙasar nan in an ce an ba ma'aikaci kola, cin hanci ake nufi. Ya ce da Tonanci, “Maame, ba a yin wannan a nan.” Kaka ta ce ai su suka aiko a kawo. Sai ya kama wuyan rigarsa da yatsu biyu ya girgiza, ya ce, “Wannan! Wannan ne kola!”

Na juya na dubi sauran yaran, kowa da riga mai naɗaɗɗen wuya an tura ta cikin wando. Abin da mu muke kira kwala, a Turancin bakin mutanen garin nan sunansa ɗaya da goro. Na riga Kaka ganewa, kuma ni ce dole in gaya mata. Na ce, “Kaka, kwalar riga yake nufi.” Ta dube ni, ta dubi goron. A lokacin na tuna duk rigunan aikin babana masu kwala ne, kuma ita da hannunta ta rabar da su sadaka ranar arba'in.

Saura minti goma a kira rukuninmu. Shagon kulob da ke sayar da riguna ba ya buɗewa sai tara. Abokin babana yana can tsakiyar fili da jakar wani. Mai gadi ya taho da sauri yana ɓalle maɓallin kakinsa, ya ce, “Hajiya, ka yi hankuri, ga nawa,” sakataren ya ce kayan aiki ne, in ya cire zai ja wa kansa. Kaka, wadda ban taɓa jin ta roƙi kowa komai ba, ta haɗa hannu biyu tana roƙon sakataren da Tonanci, tana gaya masa uban yarinyar shekara ashirin ya yi musu. Ya ce ya sani, ya san shi sarai, amma doka a rubuce take. In an kira suna sau uku ba a fito ba, sokewa ake yi. Aka kira rukuni na biyu.

Sai na ga ta sauke mayafinta zuwa kafaɗa. Ta kai hannu ƙeya ta kwance farin ɗankwalinta. Kitso ne ƙanana, fari fat, a gaban maza fiye da ashirin. Mai gadi ya juya mana baya. Ta ɗora ɗankwalin a gwiwa ta ninke shi siriri, ta zagaya mini a wuya, ta karya bakinsa biyu suka kwanta kamar fiffike. Ta ciro fil daga bakin zaninta tana maƙalawa. Fil ɗaya ya shige mini fata a ƙashin wuya, ban motsa ba. Da ta gama ta ja mayafin ta rufe kanta, ta tura ni gaba ta ce, “Ga kola.”

Sakataren ya daɗe yana kallon wuyana. Wallahi na ga yana so. Ya tashi ya tafi wurin kyaftin ɗin kulob da ke shan shayi a ƙarshen barandar, ya sunkuya yana yi masa bayani. Aka kira rukuni na uku. Na ƙara damƙe sandata. Kyaftin ɗin ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya girgiza kai, ya koma kan shayinsa.

Tsakanina da inda ake buga ƙwallon farko bai fi taku ashirin ba. Daga nan na ji an kira sunana, an sake kira, an kira na uku. A na ukun na ce na'am, amma ni kaɗai na ji.

Da za mu fita sakataren ya biyo mu da ƙullin goron. Kaka ta ce ta riga ta bayar, a miƙa wa mai gadi ya raba wa masu ɗaukar jaka, sadakar mutumin nan. A trotro, da muka kusa gida, ta ce, “Takwara, kunnena ne ya cuce ki.” Ban amsa mata ba. Haushinta nake ji, kwana uku na ƙi sa hannu a kwanonta, kuma ta bar ni ban ji ko faɗa ba. Wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Sai da na haura talatin, ina da shagon magani nawa, sannan na koma filin nan da ƙafata na shiga kulob ɗin. Kaka ta riga ta rasu. Ina bugawa daidai gwargwado, yanzu har ina cikin kwamiti. A watan jiya aka kawo maganar tufafi gabanmu. Dattawa suka ce in aka cire kwala an cire mutuncin wasan, gobe sai a ga mutum da singileti. Matasan cikinmu suka ce yara na zuwa da rigar ƙwallo da riga mai hula, ana mayar da su daga get, ba sa sake dawowa, mu kuma kullum jana'izar mambobi muke zuwa. Muryoyi suka tashi, wani har da buga teburi. Wani ya juyo ya ce, “Hajiya, ke ce 'yar zango, me ya sa yaranku ba sa zuwa?” Na ce ya je ya tambayi get.

Aka kaɗa ƙuri'a cewa duk yaron da bai kai sha takwas ba ya buga da abin da ya zo da shi, in dai mai tsabta ne, ko jallabiya ce ko hijabi. Hannu bakwai suka tashi, nawa ne na ƙarshe. Duka-duka ba a yi kwatan awa ana gardamar ba. Aka tafa, aka watse.

Na shiga mota na kasa tayar da ita. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba daɗi na ji ba. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina dokar nan babba ce, ba mai iya ɗaga ta, shi ya sa aka yi mana abin da aka yi. Ashe hannu bakwai sun isa. Yaran zango za su zo, kuma ni zan tsaya a get in tarbe su da duk rigar da ke jikinsu. Amma Kaka ta tafi kabari tana ganin laifin kunnenta ne, ni kuma ban taɓa ce mata ba haka ba ne.