Abokin Yankan Babana

Maƙwabcina mahauci ne, kullum da safe sai na ji yana goga wuƙa a kan wuƙa. Bawan Allah bai san abin da yake yi mini ba. Da na ji wannan ƙarar sai gabana ya faɗi, in koma yarinya mai faifai a ka, a Magaria ta zamanin Nasara.

Babana ma mahauci ne. Kada ka yamutsa fuska, mai karatu, na san halinku: ku ci tsire har ku lashe yatsa, amma a ce muku ga ɗiyar mahauci sai ku ɗauke kai. A cikin warin babbaka da ƙamshin kitse na tashi, ungulaye a jere bisa katangarmu kamar masu jiran gaisuwa, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

Baba yana da wata ɗabi'a da take ba Inna haushi: ba ya yanka sa shi kaɗai. Yana da abokin yanka, wani mai kilishi daga Dantchiao, dogo, siriri, mai ƙaramar murya. Baffa muke ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tare suke zuwa ruga su zaɓi sa, tare su kayar, su raba biyu. Baba ya sayar da rabinsa ɗanye, Baffa ya yanyanka nasa a tsakar gidanmu ya shanya, in ya bushe ya ɗora wa jaki ya bi kasuwannin Dungas da Waca. Inna takan ce yanzu ai Baba ya yi ƙarfin da zai sayi sa shi ɗaya ya ci ribarsa. Shi kuwa sai ya ce ta bar shi, tun ba shi da ko wuƙar kansa suke tare.

Ba Baffa kaɗai Baba yake riƙewa ba. Mutum ne da ya san abin da kowa yake so. Hanta ta tafinta ce, wanda yake juya maganar Kumandan, Baturen da yake mulkin garin, zuwa Hausa. Ƙafafu na matar babban gardi ne, shugaban masu gadin bariki. Kukun Kumandan kuwa kitse yake so. Ta haka Baba ya samu ya zama mai ba da naman bariki, sauran mahauta suna ta cizon yatsa. Ni ce mai kaiwa. A naɗe naman gadon baya a ganye, a ɗora mini a faifai, in tafi a tsorace, don akwai kare a can, ga gardawa masu jar hula da bulala. Ina miƙa wa kuku ta ƙofar baya nake juyowa da gudu.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, matar Kumandan ta kwanta da amai da gudawa. Aka tsare kuku da tambaya. Shi kuma, don ya fid da wuyansa, ya ce san da Baba ya yanka mai ciwo ne. Da hantsi gardawa suka shigo mana ba sallama, Baba yana zaune yana wasa wuƙaƙensa. Suka ɗaure shi da igiyar da yake kayar da shanu, suka tasa shi a gaba zuwa gidan kaso. Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi fitowa.

Magana ta bazu cewa in matar ta mutu, ko ma ba ta mutu ba, Damagaram za a kai Baba. Mun san waɗanda aka kai can a ɗaure. Wasu sun dawo ba su moruwa, wasu har yau shiru.

To, ka ji abin mamaki. Rabin unguwarmu sun ci naman san nan, ba wanda ko kansa ya yi ciwo. Amma wa zai je bariki ya ce ya ci? Inna ta yafa zane ta tafi gidan tafinta, matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Matar babban gardi ta aiko aka dawo mana da kwanonmu, wai kada a gan shi a gidanta. Masu zama a zaurenmu suna jiran gasasshen nama duk suka ɓace. Na ce wa Inna mu aika wa Baffa, ta ce a'a, kada mu jawo wa bawan Allah bala'i, shi ma yana da iyali.

Ranar shari'a aka zo aka tafi da ni, tunda ni na kai naman. Aka durƙusar da ni a kan yashi gaban baranda. Baba yana gefe, an aske masa kai, ya rame har na kusa kasa gane shi. Kumandan yana bisa kujera, fuskarsa ja wur, idanunsa sun kumbura don rashin barci. Tafinta ya tambaye ni ko na ga san nan yana tari ko yana dalalar da yawu kafin a yanka. Ina jin tsoron in ce a'a a ce na yi ƙarya, ina jin tsoron in yi shiru a ce na yarda.

Sai muka ji hayaniya a bakin ƙofa. Baffa ne, janye da jakinsa, ƙafafunsa duk taɓo. A kasuwa ya ji labari, ya biya ta gida, ya kamo hanya. Ya sauke fatar san a gaban baranda, ya kwance wani ƙunshi na kilishi, ya durƙusa.

Ya ce wa tafinta, "Ranka ya daɗe, faɗa masa rabin san nan nawa ne, tare muka zaɓe shi. Ga fatarsa, ga namansa. Zan ci a gabansa. In na faɗi, a haɗa mu biyu."

Tafinta ya tsaya yana ta gyaran murya. Baffa ya ɗaga ido ya dube shi, da ƙaramar muryar nan tasa ya ce, "Hantarsa kuma a gidanka aka ci, ga ka tsaye lafiya lau. Ka faɗa masa da bakinka, ko in nuna masa da hannu."

Na ga zufa ta karyo wa tafinta. Ya juya ya yi ta zuba Faransanci, mai tsawo fiye da abin da aka ce masa. Kumandan ya dube shi, ya dubi Baffa, ya yi nuni da a ci.

Baffa ya yi bisimilla ya fara ci. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan wunin ba. Idona yana kan maƙogwaronsa, duk lomar da ta wuce sai in ce ita ce za ta kayar da shi. Rana ta take, inuwar baranda ta janye ta bar mu, ba wanda ya ba shi ruwa. Da ya yi tari sau ɗaya, yaji ne ya shaƙe shi, sai da fitsari ya kusa kufce mini. Haka muka zauna har la'asar, shi kuwa yana nan daram. Kumandan ya miƙe ya faɗi wata gajeruwar magana ya shige ciki, aka kwance Baba.

Matar ta warke daga baya, ba wanda ya zo ya ce mana yi haƙuri. Naman bariki kuwa aka ba wani. Mutanen gari suka ɗan ja baya da teburin Baba, sai Baffa ya ja shi zuwa kasuwanninsa, ya haɗa shi da masu sayen gyaɗa da suke ciyar da 'yan dako a lokacin kaka. A nan arzikin gidanmu ya tsaya da ƙafafunsa.

Yanzu jikokina ma kasuwanci suke yi, kowa da wayarsa cike da lambobin mutane, wai duk abokan hulɗa ne. Ba na musa musu, zamani ne, kuma suna samu. Sai dai in sun fara lissafa mini manyan da suka sani, nakan tuna wata magana da matar Baffa ta gaya mini bayan rasuwarsa, lokacin ni ma na yi 'ya'ya. Ta ce ashe shi kansa bai tabbata da lafiyar san ba, don ya lura san bai ci ciyawa sosai ba ranar da suka kora shi daga ruga. Kafin ya ɗaura wa jaki kaya ya kira ta ɗaki, ya nemi ta yafe masa, ya gaya mata wanda za ta ba riƙon yaran in bai dawo ba.