Shamuwa da Bakin Mayafi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Dauda mai hoto. A cikin waɗanda suka yi biki ko suna a Potiskum a zamaninsa, da wuya a rasa mai aikin hannunsa rataye a bango ko a ƙasan akwati. Ya rasu a tsakiyar zafin bazara, saura kaɗan shamuwa ta sauka a kan tsamiyar gidanmu da ke unguwar Yindiski. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin wannan ce daminata ta ƙarshe a gidan.

Gidan na gado ne, na mahaifinsu. 'Yan'uwansa sun yi mini kara iyakar kara, sun bar ni a ciki duk waɗannan shekaru, amma su ma suna da 'ya'ya da buƙatu. An sayar. Wanda ya saya shaguna zai gina, ya kuma ce in zauna har a gama kaka. Daga nan za a sare tsamiyar, ni kuma in koma Damagum wurin 'yarmu Hajara. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun da aka kawo maganar: akwai hoton da Malam ya yi shekaru yana nema a ƙarƙashin wannan bishiya bai samu ba, hoton shamuwa tana tashi, fukafukanta a buɗe. Na ɗaukar wa kaina alkawarin zan samo shi kafin gatari ya taɓa tsamiyar.

Sai na faɗi wace ce ni kafin a fahimci sauran. Ni yarinyar littattafan soyayya ce. Da kuɗin tarata na makaranta nake karɓo hayarsu a kasuwa, in ɓoye a ƙarƙashin tabarma, in karanta har bangon ya yage. A cikinsu miji yakan kira matarsa tauraruwa, ya ce numfashinsa a hannunta yake. Da na fara ganin Malam a bikin wata ƙawata, ya kanne ido ɗaya yana leƙen amarya ta kyamara, ya daɗe bai danna ba, sai na ce a raina mutumin da ya iya kallo haka, lallai ƙirjinsa cike yake da kalamai. Ni na so shi, shi ma ya zo gidanmu da ƙafarsa. Aka ɗaura. Na zauna jiran kalaman. Abin da na samu a shekaru ashirin da wani abu shi ne “Sannu da aiki, Binta,” da “An gode Allah, miyar ta yi.” Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa barin tukunyata ta kwana a bushe ba. Amma tauraruwa, ko da kuskure, ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Shamuwa kuwa, kowa a nan ya san matsayinta. Idan aka gan ta, baƙa mai farin gashi a ciki, tana kewaya gari tana kwasar ƙirare, manomi ya fara wasa fartanya. Ba a jifanta, ba a taɓa sheƙarta, tsofaffi ma sukan ce gidan da ta zaɓa yana da rabo. Tamu ta zaɓi tsamiyarmu tun kafin a kawo ni. Malam yana da hotunanta a zaune ba adadi, sai dai ba ya ƙirga su a bakin komai. Yakan ce tsuntsu a zaune ai kaza ne.

Don haka duk damina, da gari ya waye haske ya zauna, kafin ya tafi shago, sai ya rataya kyamara ya kira ni. Yakan tsayar da ni a damansa, ɗan gaba da shi kaɗan. Shekarar farko har kwalli nake sawa, in zaɓi mayafina mafi kyau, wani ruwan toka mai zanen fure a baki. Ina lura da shi yana satar kallona ta gefen ido, zuciyata na cewa yau dai littafi ya zo gida. Ran nan na kasa haƙuri.

“Malam, me kake ta kallo ne haka?”

“Iska,” in ji shi.

“Iska kuma?”

“Babban tsuntsu ba ya tashi sai ya fuskanci iska. In na ga inda bakin mayafinki ya nufa, na san ta inda za ta ɓullo.”

Na ce, “Ashe tuta ka auro, ba mata ba.”

Ya ce, “Tutar ma ba kowacce ke aiki ba. Gyara tsayuwarki.”

Kwana biyu ina amsa masa magana da ka. Daga baya na haƙura, na ci gaba da tsayuwar tuta, damina bayan damina, ba kwalli. Shi kuma bai taɓa dacewa ba. Shamuwa za ta daka tsalle daga reshe, in ji ƙarar dannawa, sannan ya duƙar da kai ya duba ɗan gilashin bayan kyamarar. Kullum tsuntsuwar dishi-dishi take fitowa, kamar an shafa gawayi a jiƙaƙƙen bango. Yakan daɗe yana duban hoton, fiye da yadda ya kamata a dubi abin da ya lalace, sannan ya ce, “Ta tsere. Allah Ya kai mu gobe.” Idan kaka ta yi tsuntsayen suka tafi, goben ta koma baɗi. Har baɗin da bai gani ba ta zo.

Ina cikin takaba suka sauka a waccan shekarar. Ina ɗaki ina jin faɗuwar ƙirarensu a tsakar gida, babu mai kirana in fito. Ban san kewa tana da sauti ba sai a lokacin. Kyamarar ta shekara biyu a jakarta. Ƙanensa ya taɓa kawo shawarar a sayar tun tana da daraja, na ce a bar mini ita a cikin rabona. A shekara ta uku na ciro ta, na sa aka yi wa batirin caji, na tsaya inda yake tsayawa.

Wanda bai gwada ba zai ɗauka dannawa ce kawai. Da tattabarun maƙwabta na fara. Watanni ina ɗaukar sararin sama fayau, ko katanga, ko jelar tsuntsu tana ficewa daga gefen hoto. Babu mai koya mini, sai ɓarnar jiya ita ke gyara ta yau. A hankali na gane hannu kaɗai ba ya bin tsuntsu, sai an manne gwiwar hannu a haƙarƙari an juya tun daga ƙugu, kamar mai sheƙar gero. Na gane in ka tsaya cik lokacin da kake dannawa, ya wuce ka. Sai ka danna kana ci gaba da binsa. Na gane dole a bar masa fili a gabansa, domin tsuntsun da bakinsa ya taɓa gefen hoto kamar fursuna yake. Rana a bayanka, iska a bayanka, ƙiftawar kyamara kuma a kai ta iyakar saurinta. Duk wannan a jimla kaɗan na rubuta shi, amma yau da gobe ce ke sa allura ta haƙa rijiya.

Da tattabaru suka yi mini kaɗan, sai na fara fita da safe. Nakan tsaya nesa da hanyar kasuwar shanu ina jiran balbelu su tashi daga ƙafafun garke, ko in bi shirwa da ke shawagi a saman mahauta. Mace mai shekaruna, da hijabi, da kyamara a wuya, ba sai na faɗa muku an yi magana ba. Maƙwabciyata Ya Falmata, wadda muka tsufa tare, ita ce ba ta iya gulma a bayan ido. Ta leƙo ta katanga wata rana ta same ni na ɗaga kai sama.

“Binta, sa'o'inki suna neman Aljanna, ke kina neman tsuntsu?”

Na ce, “Ya Falmata, ai duk hanyar sama ta yi.”

“To in kin kama shi ki aiko mini da cinya.”

Abin da ya fi ba ni wuya ban gano kansa ba sai da damina guda ta wuce. Ita kyamara, in ka bar ta da zaɓinta, abin da ya fi kusa da ita take kamawa. Zan auna tsuntsu daidai, in duba, sai in ga igiyar shanya ta fito tar, ko ganyen tsamiya, tsuntsun kuwa ya zama inuwa. Na yi kuka a kan wannan, ba sau ɗaya ba. Ranar da Allah Ya nufa, ina ta latse-latse, na dace da wani ɗan maɓalli a bayanta, daidai inda babban yatsa ke sauka. In ka danna shi, kai ne za ka nuna mata abin da za ta kama, ta kawar da kai daga sauran. Tun daga ranar balbeluna suka fara fitowa da ido da gashi.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. Shagonsa ya zama wurin cajin waya da cirar kuɗi. A biki yanzu kowace hannu da kyamararta, amarya ba ta san inda za ta kalla ba. Kwanan baya da na gaya wa Hajara damuwata, sai ta ce, “Umma, ki daina wahalar da wuyanki. Yanzu waya ake gaya wa, ta haɗa miki shamuwa tana tashi, har da bakan gizo in kina so.” Ta nuna mini, kuma ba shakka ya yi kyau. Na san Malam ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai juya wayar a hannu, ya mayar mata, ya tambaya ko wannan tsuntsuwar a wace bishiya take kwana.

Bana tsuntsayen suka sauka kamar kullum, ba su san an sayar da gidan ba. Ni kuma ba ni da mai tsaya mini, mai leƙe ta kyamara kuwa ba ya ganin mayafin kansa. Sai na ciro tsohon mayafin nan ruwan toka na ɗaure a kan igiyar shanya, can gefe inda ba zai shigo hoto ba. Makonni ina fita ina dawowa da kusan-samu: fiffike ɗaya ya yanke, ko reshe ya tare kai. 'Ya'yan da ke sheƙa suna ta girma, na san in suka iya tashi tafiya ta kusa.

Wata safiya a watan jiya, bayan ruwan da aka kwana ana yi, gari ya yi wasai. Bakin mayafin ya ɗaga ya nufi tsamiya. Na gyara tsayuwa. Uwar ta taka zuwa ƙarshen reshe, ta rage tsawo kamar mai shirin ɗaukar tulu, ta saki kanta cikin iska, ta nufo ni. Na bi ta daga ƙugu, na danna ban tsaya ba. Da na duba, ga ta nan ɗungurungum. Farin gashin cikinta ya sha hasken safiya, gashin bakin fukafukanta a rarrabe kamar yatsu, ƙafafu a miƙe a baya, gabanta fili. Ban san lokacin da na juya dama na miƙa kyamarar ba. Babu kowa a wurin sai turmi.

Na zauna a kan turmin. Hotunansa na shamuwa suna nan a katin kyamarar, ban taɓa goge ko ɗaya ba, na kuma sha kallonsu ina jin tausayinsa. Ranar na koma kansu don in gwada nawa da nasa. Amma idon da na kalle su da shi ba irin na da ba ne, ido ne da ya sha wuya a hannun igiyar shanya. Na tambayi kaina: in tsuntsuwar ba ta fito ba, to me kyamarar ta kama? Na jawo kusurwar dama ta ƙasa. Bakin mayafina ne, zare-zare, har furen ana iya ƙirga ganyensa. Na wuce na gaba, haka. A wani har da kunnena da ɗan kunne. A wani gefen fuskata ne, na ɗaga kai ina kallon sama, da furfurar da ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwali. Damina bayan damina, tsuntsuwa inuwa, ni tar.

Na san abin da mai hankali zai ce: ke ce kika fi kusa, kyamara ta yi halinta. Gaskiya ne. Sai dai maɓallin nan da na yi damina guda ina nema, fentinsa a goge yake tun kafin in taɓa shi, yatsan Malam ne ya cinye shi. Da shi yake tsamo fuskar amarya daga cikin taron ƙawaye. Mutumin da ya ci abinci da wannan sana'a tun yana saurayi ya fi ni sanin abin da ke ɓata masa tsuntsu. Dannawa ɗaya ta isa, ko ya ce, “Binta, ɗan ja baya.” Bai taɓa yin ko ɗaya ba. Gyara tsayuwarki kawai yake cewa, sannan ya daɗe yana duban hoton da ya lalace.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na shekara ashirin ina tambayar bakinsa, domin abin da littattafai suka koya mini ke nan. Ba zan iya rantsuwa a kan abin da ke ransa ba, shi da zai faɗa yana inda ba a tambaya. Abin da ya bari dai ga shi: bangayen mutane cike da ranakun farin cikinsu, 'ya mai yi masa addu'a, da wata sana'a da ya koya mini bayan ransa ba tare da ya ce uffan ba. Tsamiya za ta faɗi. Shamuwa za ta zo baɗi ta kewaya saman shaguna, ta nemi wata bishiyar, domin ita ba ta takaba. Allah Ya jiƙan Malam Dauda, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa can ta fi masa nan.

Na kai an wanke mini hotuna biyu da zan tafi da su Damagum, nawa da ɗaya daga cikin nasa. Ya Falmata ta sa su a gaba ta daɗe tana dubawa, ta ce ai ko makaho ya san nawa ya fi fitowa. Na ce mata haka ne. Ni da na ɗauki nawa, babu kowa a gefena.