Ranar da Malam Ya Ji Tashin Duniya a Talabijin

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, akwai wata Laraba da ba zai iya ɗauka ba. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce mata ko na tsaya kuka kada ta ajiye biro. Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban iya ambatonsa da busasshen ido ba. Amma Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai, kuma zan faɗa.

Malam ya yi shekara talatin yana masinja a wata ma'aikata a nan Jalingo. Turancin da ya tsinta a bakin ƙofar ofis shi ya dawo da shi gida bayan ritaya, yana yi mana mulki da shi a unguwarmu ta Kachalla Sembe. Ba abin da bai sani ba. Yana da ƙane guda a garin Iware, uwa ɗaya uba ɗaya, sun shekara goma sha ɗaya ba sa magana. Bayan rasuwar mahaifinsu aka raba musu gonar doya, aka dasa bini-da-zugu a kan iyaka. Ƙanen ya ce Malam ya tumɓuke dashen ya matsar da shi, ya cinye masa layi uku. Malam ya ce ƙarya ne. Liman ya shiga, dangi suka shiga, duk a banza.

Ranar nan bayan la'asar aka kawo wuta, talabijin ya kama da kansa. Ba fuskar kowa, sai baƙin allo da wasu zare-zare masu rawa, da muryoyin mutane suna waya da Turanci. Wata mata tana ihu, wani namiji yana haki. Na ce, "Malam, akwatin nan ya lalace, kashe shi."

Ya ɗaga mini hannu. "Ke, yi shiru! Kin san abin da ake faɗa?"

Ya matso da kujera har hancinsa na neman taɓa gilashi, yana fassara mini. Wai matar tana gaya wa mijinta rana ta ƙi faɗuwa a garinsu, tsuntsaye suna zubowa daga sama. Waya ta yanke. Wani ya kira uwarsa daga wani gari, yana neman gafara, shi ma ɗif. Gari bayan gari, kowa ya kira sai layi ya mutu.

Na ce, "Ba wasan kwaikwayo ba ne kuwa?"

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Wasan kwaikwayo ba fuska? A ina kika taɓa gani? Wannan wayoyin mutane ne da jami'an tsaro suka naɗa, asiri ne ya fita. Ni na yi aikin gwamnati, na san irinsa. Daga gabas abin ya taso, kafin Juma'a ya iso Taraba."

Gaskiya ni ma sai na fara salati. Shi kuwa gwanin sani, gumi ya jiƙa masa riga. Ya lalubo waya, ya ce da ni, "Lambar yaron nan fa?" Ƙanen nasa ne fa yaron nan, mai jikoki shida! Ashe lambar tana cikin wayarsa duk shekarun nan.

Ƙanen na ɗauka, Malam ya fashe da kuka. "Ni ne Hammanka, yayanka. Duniya ta ƙare. Ni na tumɓuke bini-da-zugun, da hannuna, ran kasuwar Iware kana wajen shanu. Kuma ba layi uku ba ne, huɗu ne. Ka yafe mini don Allah, kada in tashi da ƙasarka a wuya."

Ina jin muryar ƙanen yana cewa, "Hamma, lafiya? Hamma, kana asibiti ne?"

Bai gama sharɓe hanci ba sai baƙin allon ya washe. Ga wata mata fes tana murmushi, tana ɗaga farin zane, tana tallan sabulun wanki. Daga nan aka jero sunaye, wani ya yi magana cikin fara'a. Na ce, "Malam, wannan kuma me ya ce?"

Ya ja kujerarsa baya. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Wai za a ci gaba mako mai zuwa."

Na ce, "Au, tashin duniyar kashi-kashi ake yin sa? To Allah ya kai mu, mai aikin gwamnati."

Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Sake kira ya yi, wai zazzaɓi ne ya sa shi sambatu. Ƙanen ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Hamma, wayata tana naɗar magana da kanta. Huɗu ka ce. Gobe ina tafe."

Ya zo kuwa, da doya cike da bayan babur. Suka zauna a zaure, Malam ya haɗe rai kamar an kawo masa sammaci. Ƙanen ya kunna muryar sau ɗaya, ya kashe, ya ce, "Layi huɗun ka riƙe, ni yayana na zo karɓa." Malam ya ce ba ya son sadaka. Da damina ta faɗi, shi da kansa ya je ya mayar da dashen inda uba ya sa shi, yana mita tun daga tasha.

Wata bakwai bayan haka ciwo ya kwantar da shi, ya kama masa harshe. Kwana tara bai iya furta ko kalma ɗaya ba. Ƙanen ne yake juya shi, shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari. Da Malam ya jira ranar tafiyarsa ta gaskiya, da bakin neman gafarar ma bai samu ba.

Muryarsa da ta rage mini a duniya ita ce wannan da ƙanen ya naɗa ya turo mana, yana kuka yana tona wa kansa asiri. Nakan sa a kunna mini, in yi dariya, in yi kuka har zanena ya jiƙe. Abin da na koya shi ne, wanda ya san ya ci haƙƙin ɗan'uwansa ya kira shi yau, tun harshensa yana motsi.